Kafin ka canza wa tabilet manhaja: jagora daga teburin wani mai karambani a Magaria

Tabilet ta farko da na yi wa karambani ba ta sake tashi ba. Na saye ta a hannun wani mai tebur a bakin iyaka. Fara ce, babu sunan kamfani a bayanta sai wani zane mai kama da ganye, a kwalinta kuma an rubuta giga 64. Na kwana biyu ina karatun yadda ake canza wa na'ura manhaja, sannan na sauko da wani fayil da aka ce ya dace da irinta, na ɗura mata. Allon ya yi fari, ya yi baƙi, shi ke nan. Mai gyaran wayar da na kai wa ya buɗe bayanta, ya duba, ya ce, "Malam, wannan ai ko waɗanda suka ƙera ta ba su san sunanta ba." Har yau tana cikin kwali, ƙanena na cire mata sukurori idan ya buƙata.

Abin da na koya da kuɗina shi ne wannan: a harkar tabilet, lambar samfurin da ke rubuce da ƙananan baƙaƙe a bayanta ita ce ke yanke hukunci. Ba girman allo ba, ba kyan kwali ba, ba rantsuwar mai sayarwa ba. Idan ka san lambar kafin ka fitar da kuɗi, ka yi rabin aikin.

Ga dalili. Kwamfutar tebur da laftof suna da tsari guda na tashi. Da ka kunna su, akwai wata ƙaramar manhaja a cikin ƙarfen da ke gabatar da kowane sashe ga babbar manhaja: ga allo, ga faifai, ga madannai. Shi ya sa filashi ɗaya mai ɗauke da Linux zai tayar da Dell, ya tayar da HP, ya tayar da Lenovo. Yawancin tabilet ba haka suke ba. Ƙwaƙwalwarsu irin ta waya ce, ta gidan ARM, kuma kowane samfuri sai an ɗinka masa manhajarsa daidai jikinsa, kamar yadda tela ke auna mutum. Rigar wani ba ta shiga wani, ko da kamfani ɗaya ya yi su a shekara ɗaya.

Abin dariyar shi ne Android ɗin da ke cikin tabilet ɗinka a kan Linux yake zaune tun asali. Linux ɗin nan wani ɗalibi ne a Helsinki, Linus Torvalds, ya fara rubuta shi a 1991, ya haɗu da kayan aikin GNU da Richard Stallman ya soma tun 1983. Ana ce wa irinsu buɗaɗɗiyar manhaja domin kowa na iya ganin yadda aka rubuta ta, ya kwafa, ya gyara, ya ba maƙwabcinsa, babu mai cewa ya yi sata. Daga nan Debian ta fito a 1993, Ubuntu a 2004 da kuɗin Mark Shuttleworth ɗan Afirka ta Kudu. Kamfanonin waya sun ɗauki wannan ƙwaya, suka gina nasu a kai, suka sa kwaɗo.

Me ya kai mutumin Magaria ko Dungass ga wannan wahala? Ni dai data ce ta kai ni. Windows ba ta neman izini kafin ta shanye maka kuɗin intanet da sunan sabuntawa, kuma filashin da ya zaga shagunan buga takardu ba ya dawowa gida ba tare da cuta ba. Ga shi tun 14 ga Oktoba 2025 Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10, tsofaffin na'urorin da ke iso mana daga Farm Center da titin Beirut a Kano, ko daga Kasuwar Dole a Damagaram, kuwa mafi yawansu ba za su ɗauki Windows 11 ba. Ƙarfen lafiyarsa ƙalau, manhajar ce ta tsufa.

To, kana tsaye gaban mai sayarwa. Fara da tambayar wace manhaja ce a ciki. Idan Windows ce, tabilet ɗin kwamfuta ce da aka cire wa madannai, ƙwaƙwalwarta galibi ta Intel ce, kuma akwai hanya. Idan Android ce, shiga saituna, ka gangara ƙasa wurin bayanin na'ura, ka rubuta lambar samfurin a takarda, misali irin SM-P610 da Samsung ke sa wa Galaxy Tab S6 Lite. Ka nemi lambar a jerin na'urorin da LineageOS ke tallafa wa. In tana ciki, madalla. In ba ta ciki, ka saya don amfani idan tana da arha, amma ka cire rai da canza mata manhaja. Idan iPad ce, wannan jagora ba tata ba ce.

Abu biyu kuma kada ka bar wurin sai ka tabbatar. Na farko, mai ita ya cire asusun Google ɗinsa a gabanka, domin in ka goge ta da asusun wani a ciki, za ta tashi tana neman kalmar sirrinsa, kai kuwa ba ka san ko wane ne ba. Na biyu, ka kula da tabiletocin ƙungiyoyi. Yankinmu ya daɗe yana ganin ma'aikatan ƙidaya da na lafiya suna yawo ƙauye-ƙauye da tabilet suna cika tambayoyi a KoboCollect ko ODK, waɗanda su ma buɗaɗɗun manhajoji ne. Wasu daga cikin na'urorin nan kan faɗo kasuwa. Idan ka ga saitunan sun ce wata hukuma ce ke kula da na'urar, ka ajiye ta. Ko ba ta haram ba ce, kullen da ke cikinta zai ba ka ciwon kai.

Shiri kafin aiki, a wurinmu, wuta ce da data. Wanda ya zauna a nan a watan Agusta na 2023, lokacin da Najeriya ta yanke wutar da take ba Nijar bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, ba sai an gaya masa cewa lantarki ba abin dogara ba ne. Kada ka fara ɗura manhaja sai batirin ya cika maƙil, laftof ɗin da za ka yi aiki da ita ma haka. Idan wuta ta ɗauke wa na'ura a tsakiyar rubuta manhaja, sau da yawa nan ne ajalinta. Fayil ɗin Linux kuma yakan kai giga biyu zuwa uku ko fiye. Ni da dare nake saukewa, lokacin da rezo ya yi sauƙi, da layin da ya fi ƙarfi a ranar, ko Airtel, ko Moov, ko Zamani, wani lokacin ma layin Najeriya da ke tsallako iyaka. Idan ya gama sauka, ka auna shi da umarnin sha256sum, ka gwada lambar da ta fito da wadda masu manhajar suka wallafa. Fayil ɗin da ya yanke a hanya ba ya nuna alama a ido.

Filashin ma abin dubawa ne. Kasuwanninmu cike suke da kile, wato filashi, da katin memori na ƙarya, waɗanda ke cewa giga 64 alhali cikinsu bai fi takwas ba. Akwai ƙaramar manhaja mai suna f3: f3write ta cika filashin da bayanai, f3read ta karanto su, ta gaya maka gaskiyar girmansa. Idan ya ci jarrabawa, ka sa masa Ventoy. Amfaninta shi ne sau ɗaya kake shirya filashin, daga nan sai ka riƙa zuba fayilolin Linux iri-iri kamar kana zuba waƙoƙi, in ka tayar da na'ura ka zaɓi wanda kake so. Filashi ɗaya irin wannan ya ishi abokai biyar, kowa bai sake ƙona datarsa ba.

Bari mu fara da tabilet mai Windows, don a nan na fi daɗewa. Yawancin waɗanda ke zuwa mana na wajajen 2013 zuwa 2015 ne, masu ƙwaƙwalwar Intel Atom ta zuriyar Bay Trail: Asus T100TA, Dell Venue 8 Pro, HP Stream 7 da ƴan uwansu. Ram ɗinsu giga ɗaya ne ko biyu, ma'ajiyarsu sau da yawa giga 32. Suna da wata ɗabi'a da ta sa mutane da yawa suka yi zuciya: ƙwaƙwalwar mai bit 64 ce, amma manhajar tashinsu, wato UEFI, mai bit 32 ce. Sai ka sa filashin Ubuntu, na'urar ta yi kamar ba ta gan shi ba, ka yi ta zargin filashi alhali ba laifinsa ba ne. Maganin shi ne ko dai ka zaɓi Linux ɗin da ya san wannan hali, kamar Debian, wadda ta fara kula da shi tun fitowarta ta 8 a 2015, ko Fedora, ko kuma ka nemi fayil mai suna bootia32.efi ka saka shi a jakar EFI/BOOT ta filashin.

Kayan aikin su ne igiyar OTG, da marabar USB mai baki uku ko huɗu, da madannai masu igiya, da linzami in akwai. Madannan dole ne, domin a allon farko na zaɓi taɓawa da yatsa ba ta aiki. A nan ne cikar batiri ke da muhimmanci: da yawansu baki ɗaya gare su, shi ne na caji, shi ne na filashi, don haka muddin kana aiki ba ka caji. T100TA ta fi sauƙi saboda madannanta na da cikakken bakin USB.

Ka kwashe duk abin da kake so daga Windows tukuna. Sannan ka danne maɓallin Shift ka umarce ta da ta sake tashi, za ta kai ka allon shuɗi, daga can ka shiga saitunan UEFI, ka kashe Secure Boot, ka sa filashi a gaba. Idan Linux ya tashi, kada ka yi saurin girkawa. Ka gwada shi daga filashin kamar yadda ake zagayawa da babur kafin a biya: wifi na kama wa? Sauti na fita? Allon na jin yatsa, kuma inda ka taɓa nan yake ji? Yana nuna yawan batiri? Da wuya duka su yi daidai a karon farko. Wifi ne ya fi ba da wahala, musamman na Broadcom da ke buƙatar wani ƙaramin fayil na daban. Kafin ka warware shi, ka haɗa wayarka da igiya, ka kunna raba intanet ta USB, Linux zai gane ta nan take. Kyamara kuwa a yawancinsu ka ɗauka babu.

Akwai wata cuta da Bay Trail ta yi suna da ita: kana cikin aiki sai komai ya daskare, ko linzami ba ya motsi. Na sha zaton zafi ne. Ashe yanayin barcin ƙwaƙwalwar ne ke rikicewa. Ka buɗe fayil ɗin /etc/default/grub, a layin da ke da kalmar quiet ka ƙara intel_idle.max_cstate=1, ka ajiye, ka ba da umarnin sudo update-grub idan Debian ce ko danginta, ka sake tayarwa. Batiri zai ɗan ƙara saurin ƙarewa, amma daskarewar takan tafi. Sababbin fitowar Linux sun rage matsalar, sai dai har yanzu ina ajiye layin a rubuce a bangon littafina.

Wace fuska za ka sa mata? A nan ra'ayi ya rabu, kuma ni ina da nawa. GNOME ta fi kowace dacewa da yatsa, maɓallanta manya, madannan allo na fitowa da kansu, allon na juyawa idan ka juya na'urar. Amma tana da ci, a ram giga biyu tana tafiya kamar jaki da kaya, a giga ɗaya kuwa kada ma ka fara. XFCE da LXQt ba su da nauyi, sai dai an yi su ne don linzami, maɓallin rufe taga bai kai ƙwayar gero ba. Ni XFCE nake sawa, in ƙara girman rubutu da na gumaka, in girka Onboard don madannan allo, in kunna zram domin ram ɗin ya ɗan ƙara numfashi. Wanda Faransanci ya fi masa sauƙi, ya duba Emmabuntüs, wadda aka gina a kan Debian a Faransa musamman don farfaɗo da tsofaffin kwamfutoci. Tana zuwa da manhajoji da yawa a cikinta, abin da ke rage saukewa daga baya, amma ta fi dacewa da laftof, don ma'ajiyar giga 32 takan yi mata kaɗan.

Tabilet mai Android da lambarta ke cikin jerin LineageOS labarinta ya fi gajarta, haɗarinta ya fi yawa. LineageOS ta gaji CyanogenMod ne a ƙarshen 2016, Android ce da aka cire wa tarkacen kamfani. A cikin saituna, ka taɓa layin Numéro de build sau bakwai, sashen masu ƙira zai bayyana. Can za ka kunna Débogage USB da Déverrouillage OEM. Idan na biyun babu shi ko ya ƙi kunnuwa, kamar yadda yake a yawancin na'urorin da kamfanonin layin waya na Amurka suka sayar, tafiya ta ƙare a nan. Buɗe kwaɗon tashi yana goge komai, hotuna da lambobi duka. A Samsung kuma akwai wata alama ta Knox da ke ƙonewa da zarar ka ɗura manhajar da ba tasu ba, ba ta gyaruwa har abada. Daga nan sai ka bi umarnin samfurinka, layi bayan layi, da adb da fastboot, ko Heimdall da Odin a Samsung. Ba zan kwafo matakan a nan ba, domin matakin wannan samfuri shi ne gubar wancan, kuma na riga na gaya maka abin da ya sami farar tabilet ɗina. Ka kuma sani wasu manhajojin banki da na tura kuɗi ba sa yarda su yi aiki a na'urar da aka buɗe wa kwaɗo. Na'urar da kake cin abinci da ita ba ta gwaji ba ce.

Saura mafi yawa, wato Tecno da Itel da marasa suna da suka cika hannun jama'a. Waɗannan shawarata ita ce kada ka canza musu manhaja. Amma ba a rasa abin yi ba. Da Débogage USB kaɗai, ba tare da buɗe kwaɗo ba, ka haɗa ta da laftof, ka rubuta adb shell pm list packages, za ta jero maka duk abin da ke cikinta. Manhajar tallace-tallacen da ke cin data a ɓoye ka cire ta da adb shell pm uninstall -k --user 0 sannan sunanta. Ɗaya bayan ɗaya, kana rubuta sunan abin da ka cire, don in ka cire abin da na'urar ke buƙata ka mai da shi da adb shell cmd package install-existing. Abin da ba ka gane sunansa ba, ka bar shi. Bayan haka ka girka F-Droid, kasuwar buɗaɗɗun manhajoji ta Android, wadda ba ta neman asusu.

Duk hanyar da ka bi, abin da za ka zuba a ciki shi ne ribar wahalar. Na farko a wurina Kiwix ce. Da ita ake ɗaukar Wikipedia gaba ɗaya a fayil guda a karanta ba tare da intanet ba. Ta Hausa ba ta da nauyi, ta Faransanci mai hotuna kuwa gomman giga ce, don haka ka ɗauki marar hotuna, ko ɓangaren likitanci ko lissafi kawai. Abin da ya fi burge ni shi ne tabilet ɗaya na iya zama rijiya: ka kunna wifi ɗinta na rabawa, ka tayar da sabar Kiwix, duk mai waya a kusa ya ɗebi karatu ba da ko dala ba. Na gwada wannan a zauren wani aminina malamin lakwal a wajen Dungass, yara suka kewaye mu har magariba, kodayake rabinsu ƴan ƙwallo suke nema. Sai taswira: OsmAnd ko Organic Maps, ka sauke ta Nijar da ta arewacin Najeriya sau ɗaya, GPS ba ya buƙatar rezo. Za ka tarar wasu ƙauyukanmu tsakanin Bande da Wacha da Dogo-Dogo ba su cika a taswirar ba. Taswirar ta OpenStreetMap ce, kowa na iya ƙara abin da ya sani, har da kai.

Rubutun Hausa shi ne inda na fi jin daɗin Linux. Madannan da ke zuwa mana ko na Faransanci ne ko na Ingilishi, babu ɓ, ɗ, ƙ, balle ƴ da muke rubutawa a Nijar inda ƴan uwanmu na Najeriya ke sa 'y. A saitunan madannai na Linux akwai shimfiɗar Hausa a ƙarƙashin Najeriya, amma tana sauya wa wasu maɓallai wuri, hannun da ya saba da AZERTY sai ya yi ta tuntuɓe. Abin da nake yi shi ne in naɗa wani maɓallin da ba na amfani da shi ya zama Compose, in buɗe fayil mai suna .XCompose a jakata, layin farko in sa include "%L", sannan in rubuta <Multi_key> <k> <k> : "ƙ", haka ma b da d da y, da manyansu. Daga nan danna Compose da k sau biyu ya ba ni ƙ a ko'ina. Idan baƙaƙen suka fito kamar akwatuna, salon rubutun ne bai da su, ka girka Andika ko Charis ko Noto. A Android kuwa Keyman na yin wannan aiki. Masu ajami ma ba a bar su a baya ba: SIL ta fitar da salon rubutu mai suna Alkalami, wanda aka zana bisa hannun da ake rubutu da shi a ƙasar Kano da Nijar, da wani mai suna Harmattan. Ranar da na nuna wa wani dattijo alaramma rubutun Alkalami a allo, ya daɗe yana kallo, ya ce, "Yaro, wa ya koya wa ƙarfe hannunmu?"

Rabon manhaja tsakanin abokai ma ba sai da intanet ba. A Debian, fayilolin da apt ya sauke suna taruwa a /var/cache/apt/archives idan da apt-get ka girka, ka kwashe su a kile ka kai wa mai irin fitowarka. Tsakanin waya da tabilet da laftof kuwa LocalSend na yin abin da Xender ke yi, ba tare da talla ba.

Abokin gaba na ƙarshe ba manhaja ba ce. A bazara, lokacin da zafi ke haura digiri 40, batirin tsohuwar tabilet na kumbura. Alamarsa ita ce allon ya fara ɗagowa daga gefe, ko na'urar ta ƙi kwanciya daidai a kan tebur. Idan ka ga haka ka daina caji, kada ka danna, kada ka huda, ka kai a canza. Kada ka yi caji a rana kusa da faifan sola, ka ja igiya zuwa inuwa, kuma kada ka bar ta a ƙarƙashin matashi. In za ka ba mai cajin waya a kasuwa, ka haɗa masa da cajarka, don ba ka san abin da zai soka mata ba. A hunturu kuwa ƙura ce ke cika bakin caji har ka zaci ya lalace. Ka kashe na'urar, ka sa tsinken sakace na itace, ba allura ba, ka kwaso ƙurar a hankali.